Magana tana warkarwa? Hanyoyin jinyar damuwa da inda masana suka saɓa

Tun daga 2014, lokacin da hare-haren Boko Haram suka tsallako jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, wani sabon aiki ya ɓullo a garuruwanmu. A Mora, a Mokolo, a Kuseri, a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, har zuwa Baga Sola a ɓangaren Chadi, ƙungiyoyin agaji sun buɗe ɗakunan sauraro. Mutum ya shiga, a ba shi wurin zama, a yi ta zance da shi kusan awa guda, ya fito hannu Rabbana, ba allura ba ƙwaya. Shi ya sa tambayar ta ƙi ƙarewa a majalisu da gidajen suna: wannan ma magani ne? Wasu sun ce ɓata lokaci ne. Wasu sun ce al'adar Turawa ce ta tonon asiri, alhali mu an tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Su kuma waɗanda suka yarda da abin, yawanci sun ɗauka duk tafiyar ɗaya ce, kowane masani abu guda yake yi.

Ba haka ba ne. Jinya da magana hanyoyi ne da yawa, masu su sun fi shekara 100 suna jayayya da juna, kuma a wasu cututtukan hanyar da aka bi da mutum ita ce ke raba samun sauƙi da rashinsa. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a wuraren da aka yi yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Ke nan batun ya shafi kusan kowane gida daga Fotokol zuwa Kolofata.

Wa ke yin me?

Mutum uku ake yawan cakuɗawa. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya yi karatun likita cikakke sannan ya ƙware a wannan fanni. Shi ke rubuta magani, shi ke kwantar da mara lafiya. A Kamaru irinsu ƙalilan ne, kuma yawancinsu suna Yawunde da Duwala, inda asibitin Jamot da na Laquintinie suke. Akwai masanin halayyar ɗan Adam, wanda ba ya rubuta ƙwaya, aikinsa gwaji da zama da mutum a yi magana bisa wani tsari. Sai kuma mai ba da shawara, wanda sau da yawa ɗan gari ne da aka horar na 'yan makonni. Idan aka haɗa dukkansu, har da ma'aikatan jinya na wannan fanni, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce a nahiyarmu ba su kai biyu ba ga kowane mutum 100,000.

Cututtukan ma ba ɗaya ba ne. Wanda ke jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko yake ganin kowa na farautarsa, ko ya kwana bakwai bai runtsa ba yana ta surutu da rabon dukiyarsa, magani yake bukata tun farko, magana tana biyo baya ne. Farfaɗiya ma haka, ƙwaya ke tsayar da ita. Inda jinya da magana ta fi tasiri shi ne ciwon damuwa mai kashe jiki, fargaba, firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, waswasi, shaye-shaye, da baƙin cikin rashi idan ya ƙi sakin mutum.

Ciwo ɗaya, kallo daban-daban

Mu ɗauki misali. A ce wani mai sayar da atamfa yana babbar kasuwar Marwa ranar da bam ya tashi a watan Yulin 2015. Bai ji ko ƙwarzane ba, amma maƙwabcin rumfarsa ya rasu a gabansa. Shekaru sun wuce, har yanzu ba ya iya shiga kasuwa. Salansar babur ta yi ƙara, sai gumi ya karyo masa. Ba ya barci, yana yi wa iyali tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, jari ya karye. Ya sha rubutu, an yi masa hayaƙi, 'yan uwa sun ce ya yi haƙuri.

A cikin makarantun tunani na wannan fanni, mafi daɗewa ita ce ta Sigmund Freud, likitan birnin Viyana da ya fara wannan aiki a ƙarshen shekarun 1890. A ganinsa, abin da ke damun mutum sau da yawa yana binne ne a inda shi kansa ba ya gani: tsoro da fushi da buri da ya danne tun yarinta. Masanin da ya bi wannan hanya zai bar ɗan kasuwar ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa, ya saurari mafarkansa, ya lura da inda yake kauce wa zance. Zai so ya san dalilin da ya sa wannan mutuwa ta karya shi haka alhali wasu da ke wurin sun koma rumfunansu. Wataƙila ta taɓo wani tsohon miki ne, rasuwar mahaifi da bai taɓa kuka a kanta ba. A tsarinta na asali ana zama sau da dama a mako, shekara da shekaru, ko da yake yanzu akwai gajeren nau'inta na 'yan watanni. Wannan makaranta ta shafe mu fiye da yadda muke zato, domin Faransa na cikin ƙasashen da tasirin Freud ya fi daɗewa, kuma karatun jami'o'in Kamaru da Chadi ya ɗebo da yawa daga can. Abin da take da shi na gaskiya shi ne cewa mutum yakan maimaita tsohon ciwo ba tare da ya sani ba. Amma a gaya wa wanda jarinsa ya karye ya riƙa zuwa har shekara uku, wannan ba zance ba ne a Marwa.

Makaranta ta biyu ta ce a bar tonon yarinta, a dubi abin da ke riƙe da ciwon yau. Joseph Wolpe, wani likita ɗan Afirka ta Kudu, ya nuna a shekarun 1950 cewa tsoro abu ne da jiki ke koya, kuma ana iya koya masa saki. Gudun abin tsoro yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma shi ne ke ciyar da tsoron. Duk ranar da ɗan kasuwarmu ya zagaye kasuwa ya bi wata hanya, zuciyarsa tana ƙara gaskata cewa da ya shiga da ya mutu. A shekarun 1960 Aaron Beck a Amurka, wanda shi kansa a makarantar Freud ya taso, ya ƙara wani abu: masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu kai tsaye, su kuma karɓe su a matsayin gaskiya ba bincike. Haɗuwar waɗannan biyu ita ce hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ta fi kowace yaɗuwa a duniya yau.

A nan zaman yana da tsari, kuma akwai aikin gida. Masanin zai iya tambaya: "Alhaji, lokacin da ka ji ƙarar nan jiya, me ya fara zuwa ranka?" Ya ce: "Ni na kira shi ya zo rumfata, da ban kira shi ba da yana raye." Sai su zauna su auna wannan magana kamar yadda alƙali ke auna shaida. Sau nawa ka kira shi kafin ranar? Ka san abin da zai faru? Da ɗan'uwanka ne ya faɗi haka game da kansa, me za ka ce masa? Bayan haka a tsara komawa kasuwa mataki-mataki: yau a tsaya nesa da ƙofa minti goma har bugun zuciya ya lafa, jibi a bakin ƙofa, mako mai zuwa a layin farko tare da ɗansa. Yawanci zama 8 zuwa 20 ne. Masu sukarta suna cewa tana gyara reshe ta bar saiwa, kuma tana iya zama kamar darasin makaranta idan mai yin ta ba shi da tausayi. Sukar ta biyu gaskiya ce, na ga alama kuwa ita ce ta fi korar mutanenmu daga zama na biyu.

Carl Rogers, shi ma Ba'amurke, ya zo da wani ra'ayi a shekarun 1940: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin masani shi ne ya saurara da gaske, ya karɓi mutum ba tare da hukunta shi ba, kada kuma ya yi masa fuska biyu. Yawancin abin da ake yi a ɗakunan sauraro jikan wannan ra'ayi ne. Daga gare shi kuma aka samo wata dabara da ke aiki ga masu shaye-shaye. Matashin ɗan acaɓa da tramol ya kama a Garwa ya riga ya ji wa'azi da zagi har ya gaji. Abin da bai taɓa samu ba shi ne wanda zai tambaye shi me ƙwayar ke ba shi, me kuma take ƙwace masa, ya bar shi ya faɗi dalilin dainawa da bakinsa.

Sai masu cewa kuskure ne a ɗauki mutum shi kaɗai a shigar da shi ɗaki, domin ciwon yana zaune ne a tsakanin mutane. Su za su so ganin uwargida, da ƙanin da ya karɓi rumfar, da mahaifiyar da ke cewa sammu ne. Wata hanya mai kusa da wannan, wadda Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara a shekarun 1970, tana neman tushen damuwa a abubuwa huɗu: rashi, saɓani da makusanci, sauyin matsayi, da kaɗaici. Duk wanda ya san rayuwar gudun hijira ya san huɗun nan. Manomi mai rumbu uku ya koma mai bin layin rabon abinci. Matar da mijinta ya ɓata, ba ta san ko takaba za ta yi ko jira ba. A ganina wannan ce hanyar da ta fi kusa da yadda Bahaushe ke fahimtar kansa, domin a wurinmu da wuya ka ji mutum ya ba da labarin damuwarsa bai ambaci wani ba.

Wacce ta fi, kuma wa ya ce?

A 1952 wani masani a Ingila, Hans Eysenck, ya tayar da ƙura da ya ce kusan kashi biyu cikin uku na masu irin wannan larura suna samun sauƙi cikin shekara biyu ko an yi musu jinya ko ba a yi ba. Wannan ƙalubale ya tilasta wa masu sana'ar su fara gwaji na gaskiya. A 1977 Mary Smith da Gene Glass suka tattara bincike 375, suka gano cewa matsakaicin wanda aka yi wa jinya da magana ya fi kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi. Suka kuma gano wani abin da bai yi wa kowace makaranta daɗi ba: bambancin da ke tsakanin hanyoyin kaɗan ne.

Daga nan masana suka kasu. Ɓangare ɗaya ya ce abin da ke warkarwa yana cikin kowace hanya: amincewa tsakanin mutum biyu, bayanin ciwo da mara lafiya ya gamsu da shi, fata, da wani aiki da za a yi tare. Ɗaya ɓangaren ya ce wannan ya yi daidai a ciwon damuwa, amma akwai cututtukan da sauraro kaɗai ba ya isa.

Shaidar da ta fi kama da halinmu daga Yuganda ta fito. A sansanin Imvepi an yi gwaji da 'yan gudun hijirar Sudan, aka buga sakamakon a 2004. Wasu an yi musu zaman sauraro da lallashi. Wasu kuma an bi da su wata hanya ta ba da labari: mutum ya bi rayuwarsa daki-daki tun daga haihuwa, in an zo kan ranar tashin hankali a tsaya, ya faɗi abin da ya gani, ya ji, ya shaƙa, har abin ya zama labarin da ya wuce. Masu wannan hanya sukan shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, a ɗora fure a kan ranakun farin ciki, dutse a kan na masifa. Zama huɗu kacal aka yi. Bayan shekara guda, kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka ba da labari ne ke da ciwon firgicin, alhali a cikin waɗanda aka saurara kawai kashi 79 ne. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, 43 ne, amma binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa cewa a ciwon firgici hanyoyin da ke fuskantar abin da ya faru sun fi tasiri. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar irin waɗannan hanyoyi, ta kuma ja kunne game da ba da ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam ga wanda ya fito daga tashin hankali.

Akwai kuma inda magana ke cutarwa. A da ana tara waɗanda suka tsira daga hari kwana ɗaya ko biyu bayan abin, a sa kowa ya zayyana abin da ya gani a zama guda. Bincike ya nuna wannan ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yana ƙara shi. A kwanakin farko abin da mutum ke bukata shi ne tsaro, abinci, labarin 'yan uwansa, da wanda zai zauna kusa da shi ba tare da matsa masa ya yi magana ba. Zaman makoki irin namu ya daɗe da sanin wannan.

Ina malam ya tsaya?

Kafin mutum ya kai ɗakin sauraro, ya riga ya biya ta wurin malam ko mai maganin gargajiya. Masanin da ya raina wannan ya rasa majinyacinsa tun a zaman farko. Kuma zancen cewa jinya da magana baƙon abu ne ga Musulmi bai tsaya da ƙafarsa ba. Abu Zaid al-Balkhi, wani masani Musulmi da ya rasu a 934, ya raba baƙin ciki gida biyu, mai sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya kamar yadda ake ajiye magani don ranar ciwo. Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan da ya rasu a 2021, shi ya fito da wannan aiki ga masu karatun zamani. Ko a littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, hukuncin wanda shakka ta aure shi a salla shi ne ya yi watsi da ita, kada ya biye mata. Wannan kusan shi ne abin da masu gyaran ɗabi'a ke koya wa mai waswasin alwala: ka yi sau ɗaya, ka jure ƙaiƙayin maimaitawa har ya lafa.

Haɗin gwiwa ma an gwada shi a Afirka tun da daɗewa. A 1954 Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda mara lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana, masu maganin gargajiya kuma suna cikin aikin. Henri Collomb, wani likita Bafaranshe, ya yi makamancin haka a asibitin Fann da ke Dakar. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji da Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya ke ziyartar masu taɓin hankali a wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a, kuma waɗanda suka samu wannan haɗin sun fi samun sauƙi. Iyakar da ba za a tsallake ba a fili take: ɗaure mutum da mari, dukansa da sunan fitar da aljani, hana shi abinci, ko ce masa ya zubar da ƙwayar asibiti. Ruƙiyya ba ta bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma hadisi ingantacce ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Abin da ke iso mu a zahiri

Tun da ƙwararru ba su isa ba, duniya ta karkata ga gajerun hanyoyi da ɗan gari zai iya koya. A ƙauyukan Masaka da Rakai na Yuganda an horar da 'yan gari na mako biyu, suka jagoranci zaman rukuni na mako 16 bisa waccan hanya ta Klerman da Weissman. Sakamakon da ya fito a 2003 ya nuna kusan kashi 7 cikin 100 ne suka rage da ciwon damuwa mai tsanani, alhali a ƙauyukan da ba a yi ba sun haura rabi. A Zimbabuwe Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida na warware matsala ɗaya bayan ɗaya. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tsarin mai zama biyar: numfashin kwantar da jiki, rarrabe matsalar da za a iya warwarewa da wadda ba za a iya ba, komawa ƙananan ayyukan yau da kullum, da neman tallafin mutane.

Amma a yankinmu akwai cikas da waɗannan alƙaluma ba sa nunawa. Na farko harshe. Masani ya zo daga kudu da Faransanci, majinyaciya tana jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Larabcin Shuwa, tafinta kuma ɗan unguwarsu ne. Matar da aka yi wa fyaɗe a daji ba za ta buɗe baki a gaban wanda zai gaisa da mijinta a masallaci da magariba ba, kuma tana da gaskiya. Duk wata hanya, ta Freud ce ko ta Beck, a kan sirri take tsaye. Shi ya sa horar da mata da maza masu jin harsunan nan ya fi kawo baƙo mai babban digiri amfani, muddin akwai ƙwararren da ke duba aikinsu a kai a kai.

Na biyu talauci. Wanda ambaliyar 2024 ta cinye gonarsa a Yagwa, idan ya ce yana tsoron yunwa, tunaninsa ba karkatacce ba ne da za a gyara. Jinya tana iya dawo masa da barci da ƙarfin tashi ya nema, amma ba ta maye gurbin iri da matsuguni, kuma bai kamata a bar masu mulki su fake da ita ba. Na uku, yawancin ɗakunan nan da kuɗin aikin agaji suke tafiya. Kuɗi ya ƙare, a rufe ƙofa, a bar mutum da mikin da aka buɗe ba a ɗinke ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin maganinsa sananne ne: a shigar da aikin cikin cibiyoyin lafiya na gwamnati, a horar da ma'aikatan jinyar da ke zaune a garin ko da baƙi sun tafi.

Idan kai ko naka za ku je

Kana da haƙƙin tambaya tun a zaman farko. Wace hanya za a bi da ni? Zama nawa? Wa zai ji abin da na faɗa, kuma ina ake ajiye abin da aka rubuta? Zan iya zaɓar tafinta, ko in nemi mace ta zauna da ni? Ƙwararre na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Idan matsalar firgici ce ko waswasi, aka yi wata biyu ana sauraro da lallashi kawai ba wani canji, nemi a tura ka wurin wanda ya iya hanyar fuskantar abin. Ka kuma sani cewa a irin wannan hanya makonnin farko sukan yi nauyi kafin sauƙi ya zo, don haka kada a yanke zuwa a kan zama ɗaya mai zafi.

Wasu alamu kuwa ba sa jiran ranar zama. Wanda ya fara zancen kashe kansa ko yana sallama da mutane, mai jegon da ta rikice ta daina gane jaririnta, wanda ya daina ci da sha kwata-kwata, ko wanda ruɗewa ta zo masa tare da zazzaɓi mai zafi, a kai shi asibiti a ranar. Kafin a isa, a kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa daga inda yake, kuma kada a bar shi shi kaɗai.